Yero da Shanunsa na Cikin Kwamfuta

Wata Laraba na tara shanu sun fi ɗari uku a filin ƙwallon Tsamaye, tun hantsi har la'asar, suna jiran allurar da ba ta zo ba, ni kuwa ina shagona a Sabon Birni ina cin ƙosai hankali kwance. Tun ran Lahadi malamin dabbobi ya bugo mini ya ce a ɗaga allurar rigakafin Tsamaye zuwa Asabar. Ni ne sakataren ƙungiyarmu ta makiyaya da manoma, ina kuma da takardar shedar koyon kwamfuta ta wata uku, tana rataye a bango inda duk mai shigowa zai gani. Yero, mai manhajar da ke tura wa makiyaya saƙon ranar allura, ya tafi Isa ta'aziyya. Na ce wannan ɗan abu ai bai kai a tayar da mai makoki ba. Na buɗe rubutun manhajar, na yi ta lalube har na ga lamba uku kusa da wata kalma wai ita Wule. Na ce to ga Laraba nan, na mai da ta shida. Saƙo ya tafi kuwa, amma mutanen Bafarawa ya samu, waɗanda babu wanda ya ɗaga musu komai. Na Tsamaye suka zo a ranarsu. Ardo Ibrahima, shugaban ƙungiya, ya yi mini magana a waya da Fillanci har minti ashirin, kuma duk da ba na jin yaren babu kalmar da ta wuce ni.

Na ɗauki laifina, amma rabi kawai. Ɗaya rabin na Yero ne, shi kuma za ni ba ku labarinsa.

An haifi Yero a wata ruga gabas da Gatawa. Ya yi kiwo har ya kai shekara goma sha huɗu, sannan wani malamin makarantar 'ya'yan makiyaya ya lura yaron na da kai, ya matsa wa ubansa har ya sake shi. Ya yi sakandare, ya tafi Sakkwato ya karanta kwamfuta, ya dawo da gilashin ido da tafiyar mutumin da ke jin ana kallonsa. Bai daɗe da dawowa ba 'yan bindiga suka kore garken ubansa a yini ɗaya. Iyalin suka taso suka shigo Sabon Birni da tabarmi da ƙore. Yanzu yana da shekara arba'in da 'yan kai, dogo ne siriri, yana zaune bayan tasha da matarsa Inno, kuma in ka tambaye shi 'ya'yansa nawa sai ya ce alhamdulillahi.

Shekara bakwai ke nan da ya rubuta wa ƙungiya manhajar nan a wata tsohuwar kwamfuta da ake ɗaure murfinta da roba. Gaskiya tana aiki. Ita ke gaya wa makiyayi yaushe malamin dabbobi zai zo, wane burtali manoma suka buɗe bayan girbin gero, wace mashaya ta ƙafe, wace hanya za a kauce wa a makon nan. Matsalar ita ce duk duniya mutum ɗaya ke iya karanta ta.

Rubutun manhaja sassa-sassa ne, kowane sashe da aikinsa, kuma masu hankali sukan sa wa sashe sunan aikin da yake yi. Yero sai ya sa wa nasa sunayen shanun ubansa. Sashen da ke tura saƙo sunansa Woɗe, saboda jar saniyar nan ita ce mai yawan kuka. Mai duba hanya Fure ce, don ita ke shiga gaban garke. Akwai Ɓale, akwai Nyale, akwai Wule da ta ja mini zagi. Akwai kuma Saige, uwar garke, wadda kowane sashe sai ya bi ta cikinta. In ka ce masa, “Yero, mi wanga wuri ke yi?” sai ya dube ka da tausayi ya ce, “Kaɗo, Nyale ce fa. Halinta ke nan.” Kamar dai tare muka yi kiwonta.

Bayan abin Tsamaye, mutanen Sakkwato da ke tallafa wa ƙungiya suka aiko da takarda. Suka ce manhajar da mutum ɗaya kaɗai ya sani ba abin dogaro ba ce. Ko dai a gyara ta yadda wani zai iya karantawa kafin damina ta faɗi, ko a kashe ta su kawo wata daga Abuja. Suka turo Mardiyya, 'yar Isa ce, injiniyar manhaja, wadda ba ta kai shekara talatin ba, wai ta auna ta gani.

Ta sauka daga babur da jakarta, ta gaishe mu har ƙasa, ta zauna a shagona inda sola ke kawo wuta. Ta ce, “Kawu Yero, ba za ni taɓa komai ba. Ƙidaya kawai za ni yi.”

Yero ya ja kwamfutarsa jikinsa. “Ƙidayar mi?”

Ta yi masa bayani a hankali. Ta ce duk inda rubutu ya ce idan kaza ne a yi kaza, in ba haka ba a yi kaza, to hanya ta rabu biyu ke nan, mararraba ce. Tana da wata 'yar manhaja da ke bin kowane sashe tana ƙirga mararrabarsa. Sashen da bai wuce goma ba mutum na iya riƙe shi a ka. In ya haura ashirin, mai gyara ya fara ɓata. Za ta kuma duba tsawon kowane sashe, da sau nawa aka taɓa shi a shekarun nan.

“Mu ba mu ƙidaya garke,” in ji Yero. “Ubana bai taɓa faɗin yawan shanunai ba, ko ga uwata. Abin da aka ƙidaya raguwa yake yi.”

Na ce, “To ai raguwar ake nema, Bafillace.”

Bai ko dube ni ba. Kwana biyu ana fama. Mutumin da ya yi karatun kwamfuta a birni, mai gilashi, ya zauna yana tsare rubutu daga maitar ido. Sai da Ardo Ibrahima ya zo da kansa, ya jingine sandarsa, ya ce masa, “Yero, waɗanga shanu ba su shan ruwa, ba su ba da nono. Bar yarinyar nan ta ƙidaya.” Sannan Yero ya miƙa kwamfutar, ya kuma fita waje ya tsaya ƙarƙashin dalbejiya don kada a yi a gabansa.

Awon bai ɗauki minti ɗaya ba. Woɗe mararraba huɗu. Fure goma sha ɗaya. Ɓale tamanin da tara. Da aka zo kan Saige, Mardiyya ta cire gilashinta ta goge ta mayar. Mararraba ɗari biyu da goma sha biyu, layi dubu ɗaya da ɗari tara, a sashe guda. Akwai inda idan ke cikin idan, ita ma cikin wata idan, har hawa goma sha ɗaya. Idan ranar kasuwar Bafarawa ce, kuma idan an yi ruwa, kuma idan garken na Ardo ne ba na ƙanensa ba, kuma idan ba azumi ake ba, haka dai har mutum ya manta sunan uwarsa. Kuma ita ce aka fi taɓawa, sau ɗari uku da wani abu.

Na leƙa waje na ce, “Yero, uwar garkenka ta kumbura. Gero ta ci?”

Ya shigo ya dubi lambar, ya ce, “Babbar saniya ce tun asali.” Wallahi da alfahari ya faɗa.

Ni na zaci Mardiyya za ta ce a rushe duka. Sai ta ce a bar Ɓale yadda take. Tamanin da tara ne, amma shekara biyar babu wanda ya taɓa ta, kuma ba ta taɓa kuskure ba, ɓata lokaci ne a farka ta. Inda yawan mararraba ya haɗu da yawan taɓawa, nan ne ciwon yake, wato Saige. A raba ta ƙanana, kada aikinta ya canza ko kaɗan. Kafin a fara ta tattara tsofaffin saƙonni ɗari biyar da manhajar ta taɓa turawa, ta ce bayan kowane gyara sai an sake gwada su duka, in ɗaya ya fito daban to an ɓata wani abu. Ta ba Yero mako uku ta koma.

Mako uku Yero bai zo majalisar shayi ba. Inno ta ce ko fura sai ta dama ta ajiye masa ta yi tsami. Ranar da Mardiyya ta dawo ya shigo da sabuwar hula. Aka yi awo. Cikin abin da ya fito daga Saige babu sashen da ya haura goma. Saƙonni ɗari biyar duk sun fito daidai. Ya harɗe ƙafa yana kallon silin.

Mardiyya ta buɗe rubutun, ta ce, “Kawu, su wa ke nan?”

Ya raba Saige gida ashirin da shida, ya sa wa kowane sunan ɗiyarta ko jikarta. Akwai Saige ƙarama, akwai Saige mai karyayyen ƙaho, akwai Saige ta Inno, akwai wadda kura ta ciza. Bai raba su bisa aiki ba, bisa haihuwa ya raba. Wadda aka fara haifa ita ke kiran ta biyu, ta biyu ta kira 'ya'yanta. Da can daji ɗaya ne mutum ke ɓata a ciki, yanzu sai ka san zuriyar saniyar da aka sace shekara goma da suka wuce kafin ka ɗaga ranar allura.

“Kin ce goma,” in ji shi. “Ga goma.”

“Na ce goma don mutum ya gane, Kawu. Lambar ta sauka, ganewa ba ta ƙaru ba.”

“Ke da awonki ku daidaita tsakaninku.”

A nan ne yarinyar ta nuna ita ma 'yar Isa ce. Ta rufe 'yar manhajar awon, ta ce to an gama da lamba. Ranar Alhamis ta sama, gaban kwamiti, za a zaunar da mutum ɗaya wanda ba Yero ba, a ba shi gyara guda, a sa agogo. In ya yi cikin awa ɗaya ba tare da Yero ya buɗe baki ba, manhaja ta tsira. In ya kasa, za ta rubuta wa Sakkwato a kashe ta. Ta ce ita da Ardo za su zaɓi mutumin.

Kwana tara suka zauna tare a shagona, kuma na ji abin da kunnena bai saba ji ba, wato Yero yana bayani. Ita ma ta sha nata. Ta ga wata mararraba da ta ce ba ta da amfani, shekara huɗu ba a bi ta ba, a share. Ya ce ta bari. Wannan ita ke hana a tura garke ta mashigin rafi idan an yi ruwa kwana biyu a jere can saman rafin, ko da nan ƙasa ta bushe, don a nan ƙanensa ya rasa maruƙa shida. Ta janye hannunta, ta ce to a rubuta dalilin a gefe. Ya ce kowa ya san wannan. Ta ce ita ba ta sani ba. Ya rubuta, yana huci.

Sunayen ne suka fi ba shi wuya. Sai ya goge ɗaya, ya rubuta duba hanya ko zaɓi ranar allura, ya tashi ya zagaya ya dawo. Da aka zo kan Saige kanta ya daɗe hannunsa na kan madannai. Na buɗe baki za ni yi tsokana, Mardiyya ta harare ni, na mayar da shi. A ƙarshe ta ce ya buɗe shafi guda a farkon rubutun ya jera sunayen duka, kowace da aikin da ta riƙe a da. Ya jera su ɗaya bayan ɗaya, bai sa lamba a gefe ba.

Ranar Alhamis kwamiti ya cika shago, har da masu leƙe ta taga. Ardo ya yi gyaran murya ya ce, “Lawwali, zauna.” Ni ke nan. Ban yi mamaki ba, don a duk kwamitin ni kaɗai ke da takarda. Aka ce in ƙara sabuwar mashaya a yankin Gatawa, in sa a riƙa sanar da garke uku. Aka zaunar da Yero a bayana, Ardo ya ɗora masa sanda a gwiwa don kada ya motsa. Ina jin numfashinsa a ƙeyata.

Na buɗe, na ga wurin da aka rubuta jerin mashaya, na shiga. Na ga wurin da aka rubuta waɗanda za a sanar, na shiga. Na yi kuskure sau ɗaya, gwajin saƙonnin nan ya nuna ja, na koma na gyara. Mardiyya ta dubi agogo ta ce minti talatin da takwas. Ta ɗauki biro ta rubuta cewa manhaja ta zauna, Yero kuma shi ne mai kula da ita.

Na juyo da kujera na ce, “To Bafillace, ka gani. Shekara bakwai kana kiwon aljanu, yau ilimina ya cece ka. Ka gode wa Allah da suka zaɓi gwani.”

Ya ɗauke sandar Ardo daga gwiwarsa, ya rufe kwamfutar, ya ɗaure ta da robarta.

“Kaɗo, ina wurin aka yi zaɓen. Mardiyya ta ce a nemo mutumin da in ya gane, babu sauran wanda zai kasa ganewa a ƙasar Gobir. Ardo ko tunani bai tsaya yi ba.”