Alwalar Baba Bayan An Sa Masa Roba

Muna tsakiyar noman farko fitsari ya tsaya wa Baba. Aka kai shi asibiti a Kano, aka dawo da shi da roba a jiki da wata jaka ɗaure a cinya, inda fitsarin ke taruwa. Likita ya ce sai an yi aiki, amma sai hawan jininsa ya sauka tukuna.

Ni ce babbar 'yarsa. Ina aure a wani ƙauye kusa da Gezawa, sai na dawo gida in taya Inna jinya. Tun ina ƙarama Baba ne ladanin masallacin unguwarmu, amma na tarar ko ƙofar gida ba ya leƙawa. Idan azahar ta yi sai ya ɗauki buta ya tsuguna a bayan rumbu. Ya gama alwala, ya miƙe, ya duba jakar ya ga ta ƙaru, ya sake tsugunawa. Wata rana har la'asar ta riske shi bai tayar da kabbara ba. Wando kuwa uku yake sauyawa a wuni, ga damina, shanya ba ta bushewa.

Muna surfen gero Inna ta rage murya ta gaya mini kwana huɗu ke nan bai kai goshinsa ƙasa ba. Na ajiye taɓarya na same shi a ɗaki, na durƙusa. Bai bari na yi magana ba.

"Da wane jiki zan tsaya gaban Ubangijina?" in ji shi. "Ina yawo da najasa a ɗaure a ƙafa."

Na ɗan ji hukuncin a Islamiyya, amma kunya ba za ta bar ni in yi wa mahaifina maganar fitsarinsa ba. Washegari na bi ta cikin gonakin dawa na tafi ƙauyen gaba, gidan wani tsohon malami abokinsa, ɗan asalin Barno da aka haifa a nan. Matarsa na gaya wa, ita ta isar masa.

Bayan la'asar malam ya zo. Suka zauna a zaure, ni ina bayan ƙyaure ina ji. Malam ya ce malaman fiƙihu sun daɗe da sanin wannan lalura, kuma fitsarin da ke zuba ba tsayawa ba ya karya alwala. Idan lokaci ya shiga ya zubar da na cikin jakar, ya tsarkake abin da zai iya, ya yi alwala sau ɗaya ya yi sallarsa, kada ya ƙara dubawa. Sallolin da ya bari kuma ya rama. Baba ya ce to zuwa masallaci fa? Malam ya ce tunda ba abin da ke ɗiga a tabarma, ya je.

Baba ya ce zuciyarsa ce ba ta kwanta ba.

"Wanda ya jarrabe ka Shi ya sauƙaƙa maka," in ji malam. "Kada ka mayar masa da sauƙinsa."

Ran nan ya yi magariba, ya fara ramuwa. Bayan mako biyu ya koma masallaci, amma da buzunsa, yana tsayawa a ƙarshen sahu ta bakin ƙofa. Kiran salla kuwa ya bar wa wani. Liman ya zo har gida sau biyu yana roƙonsa, Baba ya ce a yi masa afuwa.

Da kaka, ranar da zan koma ɗakina, ya rako ni har bakin titi, abin da bai taɓa yi ba. Muna jiran mota ya tambaye ni, ba tare da ya dube ni ba, ko ina ganin tausayinsa kawai malam ya ji ya faɗa masa haka. Na ce a'a Baba, haka yake a littafi, ni ma na ji. Ya gyaɗa kai. Motar ta zo na shiga, har muka yi nisa ina hango shi a tsaye.