Goriba Mai Kai Uku a Farasan

Shekarun baya, lokacin ina tuƙa wa wani Balarabe mota a unguwar Ruwais ta Jidda, mahaifiyata ta tayar mini da maganar da na daɗe ina kauce wa. Idonta ya fara yana, likita kuma ya ce abin gaba zai yi. Ta ce kafin ya rufe tana so ta ga kabarin mahaifina.

Ni ban san shi ba, ina ciki ya rasu. Shi da ita suna cikin mutanen da suka taho Hajji a ƙasa, suna tafe suna yada zango suna noma a Sudan, har suka samu jirgin katako da zai haye da su bahar, wato teku. Zazzaɓi ya kashe shi a cikin jirgin. Mai jirgin ya ce a jefa shi ruwa, ta ce sai dai a haɗa da ita. Shi ne ya raɓa wani tsibiri, ya ce su yi maza, suka binne shi suka wuce. Daga baya aka gaya mata sunan wurin Farasan, can kudu wajen Jizan. Abu biyu kawai ta riƙe: goriba mai kai uku, da wani dutse mai siririn wuya kamar turmi.

Na ce, "Inna, shekara arba'in fa. Goriba ba ta mutuwa ne?"

Ta ce, "Sawwagi, kai dai tuƙi aka ce ka yi."

Haka take kirana, wato direba, don ni ne ɗan fari, ba ta faɗin sunana.

Kafilina, wato Balaraben da nake wa tuƙi, ya yi ta ƙunƙuni, daga baya ya rubuta mini takardar tafiya ya ba ni mako guda. Kwana biyu muka yi a bayan babbar mota kafin Jizan, sannan muka hau ƙaramin jirgin ruwa wanda ya juye mini ciki kaf. Ita ko gezau. In aka cire zuwa da dawowa, kwana uku ke nan gare mu a tsibirin.

Motocin wurin a lokacin ba su da yawa. Wani mai sayen kifi ya ba ni hayar tsohuwar jif ɗinsa, ƙofa ɗaya da igiya aka ɗaure ta. Shi a zatonsa yawon buɗe ido muka zo, sai lissafa mini wurare yake: ga gidajen attajiran lu'ulu'u na da, ga inda barewa ke kiwo, ga inda itatuwa ke tsaye a cikin ruwan gishiri. Da zan tayar ya dafa motar ya ce, "In ka sauka bakin bahar ka kula, ruwan nan yana tafiya." Na ce masa to. A raina kuwa na ce ji mutumin nan, ni da na tashi a bakin bahar zai koya wa ruwa. A Jidda in ka ajiye takalminka a gaɓa da safe, nan za ka same shi da yamma.

Babu kwalta ko taku ɗaya. Ƙasar duk dutsen ruwa ne mai kaifi, mota na tsalle, bayana na amsawa. Zafi kuwa ga shi da ɗanko, riga ta manne a jiki. Duk abin da mutumin ya lissafa mun gani, ba ƙarya ya yi ba. Gidajen nan an sassaƙa musu ado tun daga ƙasa har sama. Na tsaya na ce ta duba, ta ce, "Wa ya zo kallon gini?" Barewa uku suka gifta ta gabanmu, na nuna mata, ta ƙanƙance ido ta ce awaki ne da suka ƙi gida. Ruwan wani wuri kore shar, wani wuri kamar an zuba shuni, kwasakwasa na zaune a kai. Ni dai taya nake tunani, ita kuma goriba.

Ga goriba a ko'ina, ga duwatsu masu wuyan turmi a kowace gaɓa. Mu tsaya, in kama hannunta ta sauka, ta ɗaga kai ta daɗe, ta ce ba ita ba ce. In mayar da ita, mu ƙara gaba. Haka muka wuni, haka muka sake wuni.

Da yammacin kwana na biyu na yi abin da har yau nake jin kunyarsa. Na gaji iyakar gajiya. Na ga wata goriba kusa da wani dutse, na taka birki na ce, "Inna, ga ta nan, kai uku cif." Na san ba ta gani sosai. Ta sauka ta je ta dafa gindin, ta ja da baya, ta kare rana da tafin hannu. Can ta ce, "Kai biyu gare ta. Idona ne ya mutu, ba lissafina ba." Ta juya ta koma mota. Da ma ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Kwana na uku bayan azahar na bi wani sawun masunta da ya miƙe arewa. A ƙarshensa ga goriba a kan tudu, kai biyu a tsaye, na ukun ya karye ya bar kututture. A ƙasa, can cikin rairayi, ga dutsen. Na tsayar da motar, ina tsoron bakina. Ita ce ta kama hannuna ta matse.

Gwiwarta ba za ta iya gangaren ba, sai na sauka da motar har cikin rairayin. Ta ce, "Sama duk dutse ne. Da ƙoƙo da hannu muka haƙa, shi ya sa muka sauko nan inda ƙasa ke da laushi." Ta ƙirga takunta daga dutsen, ta shimfiɗa zane ta zauna, ta fara addu'a. Na tsaya a bayanta na ɗaga hannu ni ma, ina roƙa wa mutumin da ban taɓa gani ba.

Ban san daɗewar da muka yi ba. Sanyi na ji a diddigena. Na waiwaya, bahar ɗin da muka baro can nesa ya iso, a hankali, ba ko ƙara. Na dubi dutsen, sai a lokacin na gane abin da ya cinye masa wuya ya mai da shi turmi. Ruwa ne. Har can yake kaiwa.

Na ce, "Inna, tashi mu je, la'asar ta yi." So nake in ɗauke ta kafin ta gane. Amma ruwan ya riga ni, ya jiƙa bakin zanen. Ta sa hannu ta taɓa, ta kai bakinta.

Ta ce, "Kullum haka yake yi?"

Na ce, "Ina jin haka ne."

Ta dubi dutsen. Ruwa ya zagaye ta tana zaune. Can ta ce, "Mu mutanen tudu ne. Busasshiyar ƙasa muka gani muka sa shi." Sai kuma ta ce, "Mutumin da ko da bazara sai na ɗumama masa ruwan wanka." Ta yi wata 'yar dariya, hawaye na zuba. Ni kuwa na rasa inda zan sa idona.

Ita ce ma ta tuna da motar. Ta ce, "Yalla, tayar da motar mutane, kada mu binne ta ita ma." Tayoyin sun fara nutsewa. Na ɗauke ta cak na kai ta tudu, na yayyago busasshiyar kaba daga gindin goribar na cusa ƙarƙashin taya, na yi ta fama ruwa na shiga ta ƙofar igiyar nan. Da ƙyar ta fita. Gwanin bahar ke nan, ɗan Jidda.

A kan tudun muka yi la'asar. Muna sallamewa wurin ya shafe, sai kan dutsen kawai. Ta daɗe tana kallo da ɗan abin da ya rage mata na ido, sannan ta ce, "Halas, shi ke nan. Mu koma."

Ba a shekara ba idon ya rufe, bayan wasu shekaru ita ma ta tafi. Mutane in sun ji na je Farasan sukan tambaye ni ko da kyau. Nakan ce an ce da kyau. Har yau ban san ko akwai sauran wani abu a ƙarƙashin rairayin nan ba, kuma na daina tambayar kaina. Abin da na sani shi ne, da ta yarda da ƙaryata da ta huta da ganin abin da ta gani, kuma da ba ta yafe wa kanta ba in ta gane. Ni na zaci sauƙi take nema irin nawa. Ashe wurin take so, ko yaya yake.

Da muka dawo unguwarmu Bani Malik tsofaffin ƙawayenta suka cika ɗaki suna yi mata barka da hanya. Ina daga waje ina wanke ƙafa, na ji ɗaya ta ce, "To, kin ga kabarin Malam?"

Ta ce, "Na gani. Ya samu wuri. Ba mai taka shi."