Malam Dabo da Fitilun Gidan Hajiya Baraka

Da rana ta ɗan ɗaga za ka ga Malam Dabo ya turo tsohon babur ɗinsa, jakar kayan aiki rataye a kafaɗa. Yakan tsaya wurin mai shayi na bakin tasha, domin nan ne masu matsalar wuta ke tare shi. Wannan fankarsa ta tsaya, wancan batirin solarsa ba ya riƙe caji. Sai ya saurari kowa, ya kurɓi shayinsa, sannan ya fara da gidan da ke da tsoho ko mara lafiya. Haka muka taso muka same shi a Illela. Yanzu ya ce idanunsa sun fara gajiya, bana zai daina hawa tsani, shi ya sa na ga bai kamata mu bari ya sauka shiru ba.

Lokacin da 'yan kasuwarmu suka fara shigo da makunnan zamani, waɗanda ake kunnawa da wayar hannu, sa'o'insa da yawa sun ce wannan aikin yara ne. Shi kuwa da furfurarsa ya zauna ya koya. Makunnan duka suna karɓar umarni ne daga wani ɗan akwati da yake kira uwa. Babbar cutarsu ita ce su riƙa rabuwa da uwar: yanzu suna amsawa, an jima sun yi gum. In aka kira shi, ba ya saurin kwance komai. Yakan duba ko abin na ɗaukewa ne sa'ad da aka juya wuta zuwa sola, ya duba nisa, ya duba ko ƙofar ƙarfe ta shiga tsakani. Daga nan sai tambaya, har mutane na tsokanarsa wai ya fi alƙali bincike.

Abdulmalik, wani ɗan kasuwa da harka ta mayar Sakkwato, shi ya ba ni labarin da ya fi tsaya mini a rai. Mahaifiyarsa Hajiya Baraka ta tsufa, gwiwoyi sun ƙi, amma ta ce ba ta barin gidan da ta haifi 'ya'yanta. Sai ya sa mata irin waɗannan makunnai, yadda fitilar ɗaki da ta hanyar bayi za su kama da kansu da magariba, ba sai ta miƙe ta lalubi bango ba. Abu ya yi kyau, sannan ya fara wasa. Wata rana fitila ta ƙi kamawa, Hajiya ta yi tuntuɓe ta gurje hannu. Abdulmalik ya yanke magana: in ba a gyara ba, zai kwashe ta zuwa Sakkwato, ko tana so ko ba ta so.

Malam Dabo ya zo ya auna komai, komai lafiya lau. Da wani mai gyaran ne, da ya ce a sayo sabuwar uwa ya kama gabansa. Shi sai ya nemi izni ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida.

"Hajiya, ki ci gaba da harkokinki kamar ba ni nan," in ji shi.

"Kai Dabo, mi za ka gani ga tsohuwa in ba tazbaha ba?"

Da aka kira la'asar ya tashi zai tafi masallaci, sai ya hango ta ta ɗauki kwanon silba ta kife a kan uwar. Ashe wanda ya haɗa kayan a kan teburin da ke gabas ya ajiye ta, daidai inda take fuskanta in za ta yi salla, ga wata 'yar fitila shuɗiya tana ƙyaftawa. Da ya dawo ya tambaye ta a hankali.

"Wanga abu shina ƙyafta mini ido ina gaban Ubangijina," ta ce. "Rufe shi nika yi. Wata rana in buɗe, wata rana lazimi ya ɗauke ni in mance."

Ƙarfen kwanon ne ke toshe maganar uwa da makunnanta. Bai yi dariya ba, bai ce ta daina ba. Cewa ya yi, "Kin yi daidai, Hajiya. Mu munka aje shi inda bai kamata ba." Ya ja waya ya mayar da uwar bangon yamma, can sama, bayan mai salla.

Malam Dabo, kai ne mai gyaran da ke fara karanta mutanen gida kafin ya taɓa waya. Kai ne ka gane cewa na'ura ce ya kamata ta matsa wa tsohuwa, ba tsohuwa ta matsa wa na'ura ba. Ina faɗa ba kunya, ranar da na ji wannan labari sai da idona ya kawo ruwa, don ni ma ina da uwa.

Mun gode, Malam. Allah ya saka da alheri, ya ƙara wa idanunka haske. Ku kuma matasan da kuka fi shi sanin waya, ku je ku zauna kusa da shi tun yana iya zuwa bakin tasha, ku koyi yadda ake haƙurin zama a ga abu. Kayan za su yi ta sauyawa, amma gidajen da za ku shiga na iyayen mutane ne.

A ranar da aka yi wancan gyara, da Abdulmalik ya kira yana tambaya ko ya turo mota, Malam Dabo ya ba shi amsa a gaban Hajiya: "Bar motarka, Alhaji. Innarka tana gidanta."