Makullin Talabijin a Haɓar Zanena

Shekarar da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, maigidana ya dawo daga Kano da talabijin, irin mai ƙofofin katako da ɗan makulli. Aka kafa doguwar gora a tsakar gida aka ɗaura eriya, duk da haka hoton sai ya ga dama yake fitowa. A unguwarmu ta Haɗeja mu ne gida na biyu da ya samu.

Ɗiyata ta uku ba ta cika shekara uku ba a lokacin. Yayyenta suna makarantar allo da la'asar, daidai lokacin da tashar ke buɗewa, sai in zaunar da ita gaban akwatin in samu in ɗora tuwo. Gaskiya na ji daɗin hakan. Yarinyar da ke bi na har madafi tana jan zanena, ga ta zaune shiru.

Bayan wata huɗu mahaifiyata ta zo daga ƙauyenmu na bakin fadama da ƙullin busasshen kifi. Ta tsaya a bakin ƙofa ta kira jikarta sau uku, yarinya ba ta waiwayo ba. Ranar ma babu hoto, ɗige-ɗige kamar yayyafi kawai ke zuba a gilashin, amma idonta na kai, baki a sake.

"Kurma ce?" in ji Inna.

"Haba Inna, tana ji mana."

"To me ta iya faɗa?"

Na tuna: ruwa, Baba, zo. Su ne dai kalmomin da ta iya tun kafin damina, ko ɗaya ba ta ƙara ba. Yayyenta a shekarunta har tatsuniya suke kwaikwayo.

Da maigida ya dawo na ce, "Malam, ina so a rufe akwatin nan."

Ya yi dariya. "Ke dai da tsoro. Kowane yaro da lokacinsa, Turanci ma take sha a kunne."

Ban bar shi ya huta ba sai da muka kai ta asibiti. Malamin asibitin ya zagaya bayanta ya tafa hannu, ta zabura. Ya ce kunnenta lafiya lau. Sannan ya dube ni ya ce, "Wa ke yi mata hira a gida?"

Tun a hanya maigida ya miƙo min makullin, na ƙulle shi a haɓar zanena. Kwana uku tana dukan ƙofofin akwatin tana birgima, abinci ma sai da lallashi. Na yi ta fargaba ko na ƙara ɓata abin ne. Muka tsayar da cewa ba a buɗewa sai lokacin labarai, da ranar Juma'a saboda wasan kwaikwayo, kuma tana kan cinyata ina gaya mata abin da take gani.

Da ruwa ya janye daga fadama, Inna ta aiko a kai mata ita. Mako uku ta yi can cikin 'yan uwanta, suna bin masu yankan shinkafa. Kullum sai na aika tambaya ta bakin direbobi. Ta dawo da cizon sauro duk ƙafa, ta riƙe hannuna ta ce, "Umma, kwalekwale ya tafi da Kawu." Na zauna a ƙasa ina kuka.

Duk da haka maganarta ba ta sake da wuri ba. Har ta shiga firamare malamarsu na ƙorafin ba ta buɗe baki a aji, ni kuma duk ƙorafi sai ya tayar min da hankali. Har yau ban sani ba ko akwatin ne, ko sakacina, ko haka Allah ya halicce ta. Tana aure a Malam Madori yanzu, da 'ya'ya biyar, kuma ba mai yawan magana ba ce. Ban taɓa ba ta wannan labarin ba.