Ƙofar Ɗakin Babur

Shekarar da na dawo daga Sinja da kwamfuta a jaka, ji nake duk ƙauyenmu ba mai kai irin nawa. Na koyi manhajar zana gini, wadda za ka juya ɗaki a allo ka gan shi ta kowane gefe. Abin da ya fi burge ni, in ka ƙirƙiri bango ko ƙofa, lambobin faɗi da tsawo suna nan a gefe, ko bayan wata guda ka koma ka canza. Sai fa in ka haɗe kayan duka suka zama dunƙule ɗaya. Daga nan lambobin sun tafi, halas, shi ke nan.

Baba yana da gonar albasa a bakin kogi, da babur, wato injin da ke jawo mata ruwa. Ya ce in zana masa ɗakin da za a gina wa injin saboda ɓarayi. Na zana, na haɗe komai don ya yi kyan gani, aka buga a takarda.

Maginin mijin yayata ne, mutum mai rantsuwa kamar cin gyaɗa. Ya ɗaga takardar gaban jama'a ya ce, "Alayya ɗalag, in ginin ga ya saɓa ma hoton ga ko da yatsa guda, matata ta saku!" Aka yi dariya. Ya gina ɗakin a kewaye da injin, ƙofa ƴar siririya, daidai yadda na zana.

Albasa tana tsakiyar shan ruwa babur ya mutu. Makanike ya ce sai an kai masa shi Sinja. Aka zo fitarwa, ina! Ƙofar ko jakin kirki ba zai bi ba.

Baba ya ɗauko guduma, surukin ya sha gabansa. "Baba, ka taɓa bangon ga, ka saki ɗiyarka da hannunka."

Sai duk aka juyo kaina. Baba ya ce, "Kai da ka ce ana komawa a gyara, to koma."

Na buɗe kwamfuta, gefen nan fayau, ba lamba ko ɗaya. Na kama kusurwar ƙofa na ja da hannu, rufin ya biyo ta. Na ja ɗayar, bango ya lanƙwashe kamar tabarma. Na ce bari in zana sabo. Mijin yaya ya ce a'a, shi a kan wancan ya rantse, sabon hoto bai san shi ba. Wallahi ran nan na so in kwaɗa masa kwamfutar a ka.

Haka muka yi ta fama, ni ina jan kusurwa, albasa tana kwantawa. Kullum sai Baba ya je ya tsuguna bakin hanyar ruwan da ta bushe yana murza ƙasa, abincin shekararmu ke nan yana kallo.

Ranar da ganye ya fara ja, sai ga Yaya da taɓarya a kafaɗa. Ta dubi mijinta ta ce, "Saki nawa ka ce?"

Ya ce, "Guda."

"To akwai saura."

Ta shiga dukan gefen ƙofar, tubali yana zuba. Da ramin ya isa, ta yar da taɓarya ta ce a fitar da injin, ita kuma ta wuce gidan ubanta, wanda dama a can take wuni.

Albasa ta sha ruwa, an tsira da fiye da rabi. Mijin ya zo biko da sukari da ganyen shayi, yana ta sunkuyar da kai. Yaya ta ce ba inda za ta sai an cire albasar Baba, tunda a kanta aka sake ta.