Madubin Awo a Ƙofar Gidanmu

Matso kusa ka ji, wannan labarin ko ƴaƴana ban cika ba su shi ba.

Shekarar da tauraruwa mai wutsiya ta fito muna Arlit, a gidajen kamfani: ɗaki biyu, kuran wato wutar lantarki, ga pampo a tsakar gida. Ni da na tashi ina jan guga a ƙauyenmu na Damagaram, pampon nan ji nake da shi kamar ɗan fari. To amma gidan na aiki ne, in an sallami mutum sai ya fita. Kuma lokacin sallama ake ta yi, uraniyom ya faɗi a kasuwa, duk ƙarshen wata sai an liƙa takardar sunaye. Hanyar Agadas ma ba ta biyuwa sai da rakiyar soja.

Maigidana shi ke saɓa wa masu awon ƙasa madubinsu mai ƙafa uku. Wata Asabar sai ga shi da madubin cikin buhu.

"Malam, mene ne wannan?"

"Baƙo ne, kwana biyu zai yi."

"Shef, ubangidanku, ya sani?"

"Shef ya san tauraruwa ta fito."

Ana idar da magariba ya kafa shi a ƙofar gida, ya nufi arewa maso yamma da shi. Kafin in sauke tukunya maƙwabta sun yi layi. Maƙwabciyata ta leƙa ta ja da baya.

"Wayyo, Malam, wutsiyar ta koma ƙasa! Bala'i ke nan!"

"Madubin ne ke juya komai. Kuma wane bala'i ya rage? Fari ya zo, tawaye ya zo, ita ce ma ta makara."

Suna ta dariya, ni ina ta kai da kawowa tsakanin murhu da bakin ƙofa, har miya ta kama. Sau uku maigidana yana kirana in leƙa. Na ƙi. So nake in aka tambaye ni in rantse ban taɓa kayan kamfani ba.

Ran Lahadi motar sintiri ta ci birki a kanmu, sun zaci bindiga ce aka girka. Babbansu ya zagaya madubin, ya sunkuya, ya sa ido. Ya daɗe. Da ya ɗago sai ya ce wa direbansa, "Kai, sauko ka ga ikon Allah." Na ce shi ke nan, gari ya ji.

Ran Laraba sunan maigidana ya fito a takarda. Kwana goma ina ɗaure kaya ina zagin madubin nan.

Sai da muka hau kamiyo, babbar motar kaya, muna jiran soja su ba da hanya, maigidana ya ce ba tare da ya dube ni ba, "Tun ran Juma'a, kafin in kawo madubin, na ga sunana a teburin sakatare. Shekara goma sha huɗu ina ɗaukar abin nan, ban taɓa sa ido ciki ba. Na ce bari ki ƙara kwana biyu da pamponki hankali kwance."

Hankali kwance! Ni da ko barci ban yi ba. Rediyo ta ce tauraruwar sai bayan dubban shekaru za ta komo, kuma duk layinmu ni kaɗai ce ban leƙa ba.

Kai da ka ji, faɗa mini tsakani da Allah: kyauta mini ya yi da ya ɓoye, ko cutata ya yi?