Piyanon da Muka Shayar da Ruwa

Ku matso, jikoki, ku ba ni aron kunnuwanku. Wannan ba tatsuniya ba ce, da hannuna na aikata.

Ni dillaliya ce a unguwar Rikkos ta Jos tun ina da ƙarfina. Katifa, tukwane, keken ɗinki, duk abin da mace ta gaji da shi ni ke nemo masa gida. Idan na ce kaya na da kyau, ba a sake dubawa. Da kaɗan ɓarnar ta fara: in goge tsohon kwano da toka, in rantse sabo ne. Ba wanda ya kama ni, sai zuciya ta ƙeƙashe.

Ana nan, wani kafinta a Kwararafa, Oga Sunday, ya nuna min piyano irin wanda Turawan haƙar kuza suka bari. Gara ta cinye cikinsa, ƙusoshin da ke riƙe wayoyin sun saki. Ya toshe ramukan da kyandir, ya shafe jikin da man takalmi, yana ta yayyafa wa katakon ruwa.

Ya ce, “Hajiya, katako in ya sha ruwa zai kumbura ya kama ƙusa. Murya zai tsaya har damina ya wuce. Kai dai kawo mai saye.”

Mai sayen da na kawo maƙwabciyata ce, Maman Ngozi, wadda ta zauna da ni zaman makokin mijina. Matan cocinsu ne suka yi adashi, suka damƙa mata kuɗin ta nemo piyano. Ta ce bari ta kira malamin waƙarsu ya buɗe bayan piyanon, ya danna haƙoran kiɗan ɗaya bayan ɗaya, ya duba tsatsa.

Na ce, “Haba Maman Ngozi, kayana ne sai an kira mai dubawa? Shi ma kasonsa zai nema.”

Ta yi dariya ta ce, “To Mama, maganarka ya isa.” Ta biya, aka kai piyanon coci.

Rani ya shigo, katako ya bushe. Ranar Kirsimeti, ana tsakar waƙa, muryar piyanon ta karkace, waya ta tsinke. Aka buɗe baya, garin katako ya zubo. Mata suka ce ta ci amanarsu ta sayo musu bola. Aka karɓe riƙon adashin daga hannunta a gaban jama'a.

Sunday ya tsere, ni aka kama. A kotu ta dube ni ta ce, “Mama, me ya sa ka hana ni kira malamin?” Alƙali ya tura ni gidan yari, da furfurata, ina kwana a siminti cikin sanyin Jos.

Da na fito na tuba, na bi matan gida gida na faɗa musu ba ta da laifi. Wasu sun yarda, wasu sun ce bakinmu ɗaya.

Ku yara, tsohon kaya daga ciki ake duba shi, ba daga ƙyallin jiki ba. Duk wanda ya hana ku kiran masani, ku bar masa kayansa. Kada kuma ku ci da yardar da aka yi muku.

Oga Sunday, an ce ya mutu a wani gari. Piyano aka faskara aka yi girki da shi. Ni na bar dillanci, kayan miya nake kasawa a ƙofar gida. Maman Ngozi ba a sake ba ta riƙon adashi ba. Tana gaishe ni har yau, amma ko tumatir za ta saya a hannuna, sai ta juya shi ta duba ƙasansa.